Akwatunan Malam: me za mu yi da su tun yana raye?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar na je gaida Malaminmu na tarihi a gidan 'yarsa a Unguwar Rogo. Ga waɗanda labari bai iske ba, tun bayan ƙaramar salla aka ɗauko shi daga barikin masu haƙar kuza aka dawo da shi Jos saboda ido. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun ma dishi-dishi yake gani da shi. Amma hankalinsa garau. Ina faɗin sunana ya ce, "Ɗan mai gyaran keke na bakin kasuwa?" Rabona da ajinsa ya haura shekara 30.

Ga abin da ya hana ni barci. Muna cikin hira ya sa jikansa ya jawo akwatunan ƙarfe biyu daga ƙarƙashin gado. Ɗaya cike da littattafan rubutu masu kaurin bango, irin na rajista, ɗayan kuma kaset-kaset. Duk hirarrakin nan da muke ganin yana yawon yi a kan keke ranar Asabar, da tsofaffin leburorin kuza, da helimomi, wato shugabannin leburori, da matan da suka yi dakon ƙasa a kwano, da masu tuwo-tuwo na bariki, suna ciki. Na ƙirga littafi 43. Kaset ban ƙirga ba, amma sun fi 100. Gara ta ci gefen littafi biyu, wasu kaset ɗin sun yi fumfuna. Malam ya ce mini, "Ni dai na tara, ban san mai ɗauka ba."

Shawara nake nema. Kada mu bari sai ranar zaman makoki mu zo muna cewa da ma.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Malam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Abban Khalifa ka sa ni hawaye da sassafe.

Ni abin da ba na mantawa shi ne ranar da ya loda mu a bayan a-kori-kura ya kawo mu gidan tarihi na Jos. Yawancinmu ranar muka fara ganin Terminus. Ya tsayar da mu gaban kawunan nan na yumɓu na Nok, ya ce mu duba idanunsu da kyau, masu haƙar kuza ne suka tono su, irin iyayenmu. Ya ce an fara cin karo da su a 1928, kuma wanda aka samu a Jama'a a 1943 sai da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya yana korar dabbobi kafin a kai wa Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan a 1952. Daga nan ya zaga da mu inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Kuɗin mota da burodin da muka ci, daga baya na ji daga aljihunsa suka fito.

Sani Mai Shago:
Allah Ya ƙara sauƙi. A kai su gidan tarihin mana, ai wurinsu ke nan. A huta.

Abban Khalifa:
Malam Sani, ba a nan gizo ke saƙar ba. In an kai an ajiye a sito, wa zai buɗe? Kuma shi kansa Malam bai ce a kai ba.

Dung na Heipang:
Sannunku 'yan'uwa. Na gode Abban Khalifa da ka kawo maganar nan. Ina cikin kaset ɗin nan, ko in ce muryata tana ciki. Ina aji shida Malam ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya je ya tambayi kakarsa ina aka haife ta, me ya kawo ta inda take. Na dawo na gaya masa kakata ta ce gonarsu tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin nan na bayan makaranta. Ranar Asabar sai ga shi a gidanmu da keke da rikoda. Kaka ba ta jin Hausa sosai, da Berom ta yi magana, ni na yi tafinta. Ta ba shi labarin yadda kamfani ya zo ya kafa turaku a gonar acca, aka ce ƙasar tana cikin lasin, aka ba mahaifinta wasu 'yan kuɗi, shi ke nan. Daga baya ita ma ta shiga dakon kwano a wurin, a kan gonar ubanta, saboda a samu kuɗin haraji. Malam bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta gama ya ce in faɗa mata ya ji, kuma ya rubuta yadda ta faɗa.

Kaka ta rasu da daɗewa. Ba mu da hotonta ko ɗaya. In muryarta tana cikin akwatin nan, ina roƙonku don Allah kada a bari ta lalace.

Maman Hanifa:
Wayyo Dung. Wannan aikin gidan ni ma na yi shi. Ranar na san kakana daga ƙasar Sakkwato aka ɗebo shi, ba da son ransa ba. Ɗiban gwamna suke ce masa. Malam ne ya fayyace mana cewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuzar can, sai aka dawo kan ta Filato, aka ɗora wa sarakuna su kawo mutane daga lardunan Arewa, har zuwa 1944. Kakana ya ce da riga ɗaya ya zo, bai taɓa sanin akwai sanyi irin na nan ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka taho tare ba su koma ba. Shi ya tsira, ya yi aure, ya zauna. Mu ke nan.

Injiniya:
Allah Ya ba Malam lafiya. Zan faɗi wata magana, in ta yi ɗaci a yi haƙuri, ba raini ba ne. Ni maƙwabcinsu ne a bariki, katanga ɗaya ta raba mu. Duk wannan yabon gaskiya ne, amma iyalinsa ne suka biya kuɗinsa. Albashin malamin firamare nawa yake, balle a lokacin da ake wata uku, wata huɗu ba a biya ba? A cikin wannan ɗin ake sayen batir da kaset da littafi. Sa'o'insa sun nemi canjin wuri zuwa gari, wasu sun koma karatu sun zama manya a ma'aikata, wasu sun shiga sayen kuza da kwalambait sun gina gidaje. Shi an yi masa tayin canji ya ƙi, ya ce tsofaffinsa suna mutuwa bai gama da su ba. Yau ga shi ya yi ritaya ba shi da ko ɗaki a Jos, giratutinsa har yanzu bai fito duka ba.

Ina so mu yi maganar mutumin kafin maganar takarda. Aikin yanar ido ba wani dogon aiki ba ne yanzu. Me ya sa muke tattauna kaset alhali mai kaset ɗin ba ya gani?

Sani Mai Shago:
Injiniya ya faɗi gaskiya wallahi.

Abban Khalifa:
Na karɓi gyara a kan maganar ido, kuma laifina ne da ban fara da ita ba. Amma maganar cewa ya cuci iyalinsa, wannan ba mu ne za mu yanke ba. Na sa 'yarsa a zauren, da izininta. Hajiya, ga fili.

'Yar Malam:
Assalamu alaikum. Na karanta komai tun daga sama, na kuma karanta wa Baba wasu. Na gode muku, Allah Ya bar zumunci.

Yaya Injiniya bai yi ƙarya ba, ya ga abin da ya gani. Mun sha wuya. Akwai shekarar da aka biya bashin albashi, Inna tana lissafin buhun masara da kwanon rufin ɗakinmu da ke yoyo, sai ga Baba ya dawo daga Jos da sabuwar rikoda, wai tsohuwar tana cin kaset. Kwana uku Inna ba ta yi masa magana ba. Da ƙosan da take soyawa da safe aka yi mana kuɗin jarrabawa. Ni kaina na daɗe ina jin haushin akwatunan nan, na ɗauke su kamar kishiyoyin uwata.

Amma akwai abin da Yaya bai gani ba ta kan katanga. Shekara biyu kafin Inna ta rasu, ita da kanta ta ce ya kunna rikodar. Ta zauna ta ba shi labarin uwarta, wadda ta yi tuwon sayarwa a bariki tun zamanin kamfani, da yadda ranar biyan kuɗi take, da bashin da leburori ke ci a rubuta a bango da gawayi. Kaset biyu ta cika. Ban iya sauraronsu ba tukuna. Ba zan ce muku bai yi kuskure ba, kuma ba zan ce ya ɓata rayuwarsa ba. Ubana ne, haka Allah Ya yi shi.

Maganar ido, likita ya ce sai sukarinsa ya sauka kafin a yi aiki. Muna kan magani.

Injiniya:
Ƙanwata ki yafe mini in na fama miki ciwo. Allah Ya jiƙan Inna, ta ciyar da ni ba sau ɗaya ba. In lokacin aikin ya zo ki yi mini magana ta gefe, wannan nawa ne.

'Yar Malam:
Ba komai Yaya. Allah Ya saka da alheri.

Malama Talatu:
Ina koyarwa a firamare yau shekara 19, kuma saboda Malam na shiga aikin. Bari in faɗi abin da ya fi damuna. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. To an dawo da shi a takarda, amma yaran da suka tashi a tsakani su ne malamai yanzu. Kwanan baya na tambayi 'yan ajina wa ya haƙa kududdufan da suke wucewa kullum a hanyar Bukuru. Wani ya ce ruwan sama ne. Wata ta ce aljanu.

Malam bai taɓa jiran manhaja ba. Ko a wane darasi aka ba shi sai ya shigo da garin cikin aji. A lissafi zai ce lebura ya ɗauki kwano kaza a yini, nawa ke nan a mako. A darasin ƙasa zai fita da mu mu bi tsohuwar hanyar ƙaramin jirgin nan da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, ya nuna mana inda gadojinsa suke. Shi ya fara gaya mini cewa tun kafin Bature ya sauka Tilden Fulani da Naraguta, mutanen Ririwai suna narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Shi ya gaya mini wutar NESCO daga Kurra saboda injinan kamfanoni aka kawo ta. Shi ya sa na gane dalilin da bariki ya mutu muna yara: farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka watse, aka bar mana ramuka.

Ni ba babban littafi nake so ba. Ƙananan littattafai nake so, shafi 20 ko 30, da Hausa mai sauƙi, waɗanda ɗan aji biyar zai karanta ya ce wannan ai unguwarmu ce.

Abban Khalifa:
Malama kin tuna mini da taswirar. Bayan yaron nan ɗan ajinmu ya nutse a dam, Allah Ya jiƙansa, Malam ya bi tsofaffin helimomi ɗaya bayan ɗaya suka nuna masa inda aka yi haƙa mai zurfi da inda aka bar ramukan loto masu kama da rijiya ciyawa ta rufe. Ya zana a kwali ya manna a kowane aji, ya kai ɗaya masallaci, ya kai ɗaya coci. Shi ya tara matasa aka dasa kyarana a gefen da yara ke gangarawa. Taswirar tana cikin akwatin, na gan ta jiya, ta yi ja amma ana karantawa.

Ɗan Gangare:
Na yi shiru tun safe saboda girman Malam, amma tunda ana maganar me za a yi da littattafan, dole in faɗi nawa. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, da aka kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi, dattawanmu sun je har gida sun roƙi Malam ya ba da abin da ya tara, a nuna tun yaushe kakanninmu suke garin nan. Ya ƙi. Bayan na Nuwamba 2008, lokacin kwamitin Ajibola, an sake komawa. Ya sake ƙi. Ana ce mana baƙi a garin da aka binne kakannin kakanninmu, 'ya'yanmu suna rasa takardar zama ɗan ƙasa, ga mutum da hujja a ƙarƙashin gado ya hana. Na rasa ƙanena a 2008. Ina girmama Malam, amma wannan abu yana raina har yau. Meye amfanin tarihi in ba zai tsaya wa mutanensa ba ranar da suke bukata?

Maman Hanifa:
Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya sa ya huta. Jama'a a bi maganar nan a hankali don Allah.

Dung na Heipang:
Ɗan'uwana, ina yi maka ta'aziyya har zuciyata. Ni ma na binne ɗan yayata a 2010, saboda haka ba daga nesa nake magana ba. Abin da wataƙila ba ka sani ba, mutanenmu ma sun je wurinsa. Sun san yana da muryoyin tsofaffinmu suna faɗin gonakin da aka ƙwace da sunayen wuraren kafin a sa musu sunan bariki. Ni aka sa na raka su saboda ni ɗalibinsa ne. Ya ba mu ruwa, ya saurare mu, ya ce a'a. Wasu a cikinmu sun fita suna cewa ai dama Bahaushe ne, nasa zai ba. Yau na ji ashe ku ma bai ba ku ba.

Ɗan Gangare:
Ban san wannan ba. Amma bai canja tambayata ba. In gaskiya ce a ciki, a fito da ita kowa ya gani, wanda ta kayar ta kayar.

Barista:
Bari in sa baki a nan, don na taɓa ganin yadda ake amfani da irin wannan a gaban kwamiti. Ba a karanta littafi 43 a zaman bincike. Lauya zai ɗauki layi uku da suka yi masa daɗi ya karanta da ƙarfi, lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗauki wasu ukun. Tsohuwar da ta yi magana a tsakar gidanta ba ta nan balle ta ce ba haka nake nufi ba. Kuma sunanta da na zuriyarta sun shiga takarda a lokacin da ake bin mutane gida-gida. Sannan maganar wane ne ɗan ƙasa ba a littafin malamin firamare za a warware ta ba, magana ce ta tsarin mulki da ƙananan hukumomin da ke ba da takardar. Takardun Turawan mulki suna nan a ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, kowane ɓangare ya sha ɗebo abin da yake so daga ciki, rigimar ba ta ƙare ba.

Inda na yarda da Ɗan Gangare shi ne, ɓoyewa har abada ma ba daidai ba ce. Yau ba 2001 ba ce. Akwai hanyar da ake bi: a buɗe abin da ba ya cutar da kowa, a sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya, a rufe wasu zuwa wani lokaci da mai su ya yanka, a rubuce, da sa hannunsa. Shi ya sa yin abin tun yana raye ya fi.

'Yar Malam:
Na karanta wa Baba maganar Yaya na Gangare, ban rage komai ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya tambayi sunan marigayin, na faɗa masa, ya ce ya koyar da shi, yaro ne mai rubutu da hagu. Ya yi masa addu'a.

Ga abin da ya ce in rubuta. Duk wanda ya zauna da shi, sai da ya yi masa alkawari cewa don jikoki yake ɗauka, ba don kotu ko hukuma ba, kuma da wannan alkawarin suka saki baki. Akwai wanda ya faɗa masa abin da ubansa ya yi wa wasu, akwai wadda ta faɗi asalin da 'ya'yanta ba su sani ba. Ya ce cikin littattafan babu ɓangaren da zai karanta ya fito yana murna duka, kowa zai ga inda aka cuce shi, zai kuma ga inda nasa suka yi cuta. Ya ce yana iya yiwuwa ya yi kuskure da ya hana, ya sha tunanin haka da dare, amma amana ce ya ɗauka kuma masu ita sun mutu, ba shi da wanda zai koma ya nemi izini. Ya ce a gaya wa Yaya ya zo, yana son ganinsa, ko da dai ganin sai a hankali.

Ɗan Gangare:
Zan zo in gaishe shi. Ban ce na gamsu ba, amma zan zo.

Ummi (Jami'ar Jos):
Ina wuni iyayena. Ni 'yar Maman Hanifa ce, ina aji uku a sashen tarihi, Mama ce ta miƙo mini wayarta. Ina neman afuwa in na yi katsalandan.

Don Allah kada kowa ya sa kaset ɗin da ya yi fumfuna a rediyo don ya gwada. Zaren zai iya mannewa ya tsinke, kuma fumfunar za ta shafi kan rediyon ta bi sauran. A ware masu fumfuna daban a wuri mai iska, ba cikin rana ba. Masu kyau za a iya juye su a kwamfuta da waya mai haɗa rediyo da kwamfuta, amma juyin yana cin lokaci daidai tsawon kaset ɗin. In masu minti 90 ne guda 100, awa 150 ke nan, ban da rubutawa. Littattafan kuma waya mai kyamara mai kyau ta isa, shafi-shafi, a hasken rana a inuwa. A fitar da su daga akwatin da gara ta shiga yau ɗin nan.

Abu mafi muhimmanci, a zauna da Malam a yi jerin: kaset na kaza, wa ke magana, a wane gari, wace shekara, da wane harshe. In babu wannan, murya ce kawai ba a san mai ita ba. Shi kaɗai ya san wannan.

Maganar wurin ajiya, in an juye ba dole a zaɓi ɗaya ba. Asalin ya zauna wurin iyali, kwafi ya je jami'a, wani ya je Gidan Arewa a Kaduna, can ma suna adana irin waɗannan. Ni da ƙawayena biyu za mu iya zuwa duk Asabar.

Malama Talatu:
Allah Ya yi miki albarka 'yata. Ni zan ɗauki rubutawa, hannun Malam ba kowa ke iya karanta shi ba, ni kuwa na saba da jan bironsa. Akwai shafukan ajami a ciki?

'Yar Malam:
Akwai, Malama. Wasiƙun da leburori ke aikawa gida ne, wasu ya kwafa, wasu asalin ne aka ba shi ya manna. Shi ne ma mai rubuta wa mutanen bariki wasiƙa shekara da shekaru, da cike musu fom, da ajin yaƙi da jahilci da yake yi wa manya bayan isha'i da fitilar ƙwai.

Sani Mai Shago:
To ni ban iya duk wannan ba. Akwatin roba mai murfi guda biyu da maganin gara, a zo shago a karɓa. Na janye maganar a kai a huta.

Barista:
Zan rubuto takardar sharuɗɗan da Hausa, a karanta masa, ya gyara yadda yake so. Tambaya ɗaya da sai ya amsa da bakinsa: waɗanda za a rufe, wa zai riƙe su bayansa, kuma wa ke da ikon cewa lokaci ya yi?

'Yar Malam:
Na tambaye shi. Ya ce wannan sai ya yi istihara, ba zai amsa yau ba.

Sauran ya yarda, da sharaɗi uku. Ba za a fitar da komai daga gidan ba sai an gama jerin da Ummi ta faɗa. Littattafai shida da ya ɗaure da jan zare ba mai buɗewa. Na uku, Yaya Dung ya zo ranar farko, don akwai kaset da yawa da Berom, wasu da Irigwe, kuma ya ce na kakarsa yana cikin waɗanda ya rubuta wa lamba da jan biro, yana jin bai yi fumfuna ba.

Asabar da ƙarfe goma, kafin rana ta yi zafi ya gaji. Wanda bai san gidan ba ya yi wa Abban Khalifa magana ta gefe.

Dung na Heipang:
Zan zo da 'yata, sunan kakar take ɗauke da shi. Irigwe kuma ina da aboki a Miango, zan tambaye shi.

Abban Khalifa:
Madalla. Saura abu ɗaya, rikodar Malam ta daina juyawa, na gwada ta jiya ba kaset a ciki. Wa ke da rediyo mai kaset da ke aiki, ko ya san mai gyara a Dilimi da har yanzu yake taɓa irinsu? A sanar da ni kafin Alhamis.